Sana'o'in 'Ya'yanmu: Bayan Digiri, Sai Koyon Aikin Lauya

A watan jiya mun yi zancen aikin jinya, da irin haƙurin da ya kamaci yarinyar da ta zaɓe shi. Wannan wata za mu duba aikin lauya, gama iyaye da dama sun yi mini tambaya kusan iri ɗaya. Su kan ce, "Malam, yaronmu ya yi shekara 5 a jami'a yana karatun shari'a, ya kawo digiri, mun yi godiya. Ga shi kuma an ce sai ya tafi wata makaranta, a sake biyan kuɗi mai nauyi. To, me ya rage da bai koya ba?"

Abin da ya rage shi ne aikin kansa. A jami'a an koya masa abin da doka ta ce game da sata, da bashi, da aure, da gona, an kuma nuna masa dalilin da ya sa ta faɗi haka. Amma a ce gwauruwa ta shigo ofis tana hawaye, da wata tsohuwar takarda a ƙulle a bakin zane, ta ce ƙannen mijinta sun sa wa gidan kwaɗo. Digiri ba zai gaya masa tambayar da zai fara yi mata ba, ko kotun da zai nufa, ko kwana nawa suka rage kafin lokacin ƙara ya ƙure. Mu malamai mun san wannan. Kowannenmu ya karanta hanyoyin koyarwa a kwaleji, amma sai ranar da aka tura shi gwajin koyarwa, ya tsaya gaban yara cike da aji da alli a hannu, sa'an nan ya san ko ya iya. Yaron maƙeri ma da zuga ya ke farawa, idonsa a kan hannun maigidansa.

Kafin 1962 ba mu da makarantar horas da lauyoyi a Nijeriya. Mai son wannan aiki sai ya haye teku zuwa Ingila, ya shiga ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin lauyoyi guda 4 na birnin Landan, ya ci jarrabawa, a kira shi barista. Ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan shi ne Christopher Sapara Williams, a 1879. Sai dai a Ingila aikin lauya kashi biyu ne. Barista shi ne mai tsayawa gaban alƙali ya yi magana. Solisita kuwa shi ne mai zama a ofis, ya karɓi mutane, ya rubuta takardun ciniki da na wasiyya, ya riƙe kuɗin amana. A ƙasarmu mutum ɗaya ne ya ke yin duka biyun, saboda haka yawancin masu komowa da rabin sana'a su ke komowa. Ba su kuma karanta dokokin gargajiya na ƙasarsu ba, balle shari'ar Musulunci wadda alƙalai su ke hukunci da ita a Arewa.

A 1959 gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Unsworth, Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya na lokacin, domin ya duba wannan al'amari. Shawarar kwamitin ita ce a riƙa koyar da shari'a a jami'a a nan gida, a kuma kafa makaranta ɗaya a Ikko, watau Legas, inda za a koyi aikin a aikace. Aka yi dokar a 1962. A watan Janairu na 1963 Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya ta buɗe a titin Igbosere da ɗalibai 8, karatun kuwa na wata 3 ne kacal. Yanzu ya kan ɗauki kusan shekara guda. A 1997 aka mai da hedkwatar Bwari kusa da Abuja, ga kuma rassa a Ikko, da Enugu, da Yenagoa, da Fatakwal, da namu na kusa a Bagauda ta Jihar Kano da Yola. Dubbai a ke yayewa kowace shekara.

Fannoni 5 a ke koyarwa a can: yadda a ke bin ƙarar laifi, yadda a ke bin ƙarar da ba ta laifi ba, kamar rigimar bashi ko fili, aikin takardun filaye da gidaje da wasiyya, aikin kamfanoni, sai ɗa'ar sana'a da dabarunta. Dā malami ya kan tsaya a babban zaure yana shifta, ɗalibai suna rubutawa har hannu ya gaji. A 2008, zamanin da Tahir Mamman, mutumin Adamawa, ya ke shugaban makarantar, aka sake tsarin. Aka ce ɗalibi ya yi karatunsa tun daga ɗaki, in ya zo aji a ba shi labarin wata rigima, ya zauna da 'yan ƙungiyarsa su rubuta takardar da ta dace. Wani ya zama mai ƙara, wani lauya, wani shaida, a kafa kotun gwaji. A idon malami wannan gyara ne mai kyau ƙwarai. Amma zauren da ya ɗauki ɗaruruwan ɗalibai ba ya barin malami ya bi rubutun kowa da jan biro. Mai kunya zai iya ɓuya a kujerar baya daga fari har ƙarshe bai buɗe baki ba.

Shi ya sa na fi ba da nauyi ga makonnin nan da a ke sallamar ɗalibai su fita waje. A tsakiyar karatun a kan tura kowa ya yi makonni a wata kotu, ya kuma yi waɗansu makonni a ofishin wani lauya. A kan ba shi littafi ya riƙa rubuta abin da ya gani da abin da ya yi kowace rana, a sa masa hannu. In ya koma makaranta sai ya zauna gaban malamai su buɗe littafin, su yi masa tambayoyi a kan abin da ya rubuta.

A kotu, ɗalibi mai hankali ya kan riga alƙali zuwa. Zai ga jerin ƙararrakin ranar a wurin magatakarda. Zai ga yadda lauya ya ke miƙewa ya faɗi sunansa da na wanda ya ke tsaya wa, da yadda ƙaramin lauya ya ke dakatawa babba ya fara. Zai ji yadda gwani ya ke yi wa shaidan abokin gaba tambaya gajeriya, wadda amsarta i ce ko a'a, ya kuma ga yadda sabon shiga ya ke ƙara tambaya ɗaya bayan ya riga ya sami abin da ya ke so, shaida ya sami ƙofar gyara maganarsa. Zai ga an ɗaga shari'a wata biyu domin ba a kai wa wanda a ke ƙara sammaci yadda doka ta ce ba, ya dubi fuskar tsohon da ya sayar da akuya ya biya kuɗin mota daga ƙauye domin wannan rana. In an tashi, ya kamata ya shiga ofishin rajista ya ga inda a ke karɓar takardu, a ƙididdige kuɗinsu, a buga hatimi, a buɗe fayil. Ƙararraki da yawa a wannan ɗaki su ke lalacewa tun ba su kai gaban alƙali ba. Gani ya kori ji.

Kada ku ce ina girmama ƙananan abubuwa. A 2007, a ƙarar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da waɗansu takardu domin abu guda: an sa musu hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan lauyan kansa. Kotu ta ce doka ta yarda wa mutumin da sunansa ya ke cikin littafin lauyoyi ne kaɗai ya sa hannu, ofis kuwa ba ya cikin littafin. A 2012 ta sake tabbatar da wannan hukunci. Bayan haka shari'u da dama da aka yi shekaru ana fama da su suka rushe tun daga tushe, masu su kuwa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Haka zancen lokaci ya ke. Wanda Babbar Kotu ta yanke wa hukuncin ƙarshe a rigimar fili ko bashi yana da wata 3 ya ɗaukaka ƙara, amma in hukuncin na tsakiyar shari'a ne, kwana 14 ne. In lokacin ya wuce sai roƙon kotu ta ƙara, ita kuwa sai ta ji dalili mai ƙarfi.

A ofishin lauya kuwa ɗalibi zai taɓa irin takardun da gidajenmu su ke tsaye a kansu. Ɗauki wasiyya. Doka tana so mai wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu biyu, suna nan tare a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Wanda kuwa ya sa hannu a matsayin shaida ya rasa abin da aka rubuta masa a ciki, haka ma in mijinta ne ko matarsa ce aka rubuta wa. To, dubi mutumin kirki wanda ya bar wa matarsa gida, sa'an nan sabon lauya ya ce, "Mama, tun da kina kusa, zo ki sa hannu a nan." Ya raba ta da gidan ke nan da hannunsa, ba kuwa za a gane ba sai bayan an binne maigidan. Ko dubi fili. Tun daga Dokar Filaye ta 1978, mai takardar mallakar fili ta gwamna ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna. A 1989, a ƙarar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta ce jinginar da aka yi ba tare da wannan yarda ba banza ce. In banki da dukan lauyoyinsa ya faɗa wannan rami, ina ga ƙaramar ekklesiya wadda ta tara baiko shekara da shekaru ta sayi fili, abin da ke hannunta kuwa rasit ne da sa hannun mai unguwa? Ɗalibin da aka aika ofishin filaye ya binciki fayil da kansa, ya ga fili ɗaya an sayar wa mutum biyu, ba zai ƙara barin kowa ya biya kuɗi kafin bincike ba.

Yanzu bari in zo kanmu, iyaye. Sau da yawa ɗalibi ya kan sami kotu da ofis a garinsu, ya sauka a gida. Da ganinsa sai mu ɗauka hutu ya zo. Yau a aike shi biki ya wakilci gida, gobe a ce ya kai taki gona, jibi ya raka gwaggo asibiti. In mace ce kuwa, an sami mai tuwo ke nan. Shi ma ɗalibin yana da tasa jarabar. Jarrabawar ƙarshe tana da zafi, kowace shekara kuwa da dama su kan faɗi, saboda haka ya kan ga gara ya kulle kansa a ɗaki da littattafai, ya kwafi abin da abokinsa ya rubuta, a nemo sa hannu daga baya. Ina roƙonku kada ku goyi bayan wannan. Kafin a kira mutum lauya, sai majalisar dattawan lauyoyi da alƙalai ta gamsu da halinsa, ban da cin jarrabawa. Wanda ya shiga sana'ar da littafin ƙarya, ranar da zai rubuta wa wani takardar rantsuwa hannunsa ya riga ya saba. Ga shi kuwa jarrabawar kanta cike ta ke da "rubuta wannan takarda" da "me za ka yi a wannan hali", irin abin da mai zuwa kotu kullum ya gani da ido.

A sani kuma, ba albashi a waɗannan makonni. Sai a tanadi kuɗin mota na kowace safiya, da na abincin rana, da baƙaƙen tufafi da fararen riguna, gama ba a shiga kotu da kayan gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. (Har wa yau akwai cin abincin dare sau 3 da manyan sana'a, cikin baƙaƙen kaya, al'adar da aka gado daga Landan. In ɗanku ya ce dole ne ya halarta, gaskiya ya faɗa, ba yawon shan daɗi ba ne.)

Inda ya yiwu a zaɓi ofis, ko a lokacin hutun jami'a, ko a shekarar bautar ƙasa, ni dai na fi son ƙaramin ofis mai yawan aiki da babban ofis mai suna. A babban wuri yaro zai iya ƙare makonninsa yana ɗaukar jakar maigida, ba a taɓa ba shi fayil ya karanta ba. A wurin lauyan da ke da mataimaki ɗaya da shari'u a kotu uku, za a ce masa ya rubuta wasiƙa tun ranar farko, a yayyage ta da gyara, ya sake. In ɗanku ya komo da yamma, ku tambaye shi abin da ya rubuta yau, da wanda ya gyara masa.

Ba lalle ne a jira sai an gama digiri ba. A 1933 wani masanin shari'a a Amurka, Jerome Frank, ya yi rubutu yana tambaya me ya sa ba za a koyar da lauya kamar yadda a ke koyar da likita ba, watau a gefen mai ciwo. Daga irin wannan tunani aka sami abin da a ke kira kilinik na shari'a, ɗakin da ɗalibai su ke karɓar talakawa masu matsala kyauta, malaminsu wanda shi ma lauya ne yana duba aikinsu. A Nijeriya ƙungiyar NULAI, wadda aka kafa a 2003 a ƙarƙashin Ernest Ojukwu, ita ta ɗauki wannan aiki. Jami'ar Maiduguri tana cikin guda 4 da suka fara gwadawa, yanzu kuwa jami'o'i da yawa suna da shi, har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Ɗalibi ba shi da ikon tsaya wa kowa a gaban alƙali, wannan sai lauyan da aka rubuta sunansa a Kotun Ƙoli. Amma abin da zai iya yi ba kaɗan ba ne. Kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yari na ƙasarmu ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a su ke yi, waɗansu har shekaru. Ɗalibai su kan shiga su zauna da su, su rubuta labarin kowa, su bi sawun fayil daga caji ofis zuwa Ma'aikatar Shari'a, su nemo dangi waɗanda ba su ma san inda ɗansu ya ke ba, sa'an nan su miƙa wa lauya, ko Hukumar Taimakon Shari'a wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali. Su kan kuma shiga kasuwa da makarantu su faɗa wa jama'a haƙƙinsu: cewa Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, cewa dokar bin shari'ar laifi ta Tarayya ta 2015 ta hana a kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ta kuma hana a ƙi mace tsayawa beli don kawai ita mace ce. Mu da a ke koya mana tun muna yara mu tuna da waɗanda ke kurkuku, ban ga dalilin da zai sa ɗanmu ya yi shekara 5 a jami'a mai irin wannan ɗaki bai taɓa leƙa shi ba. Mai neman jami'a ma ya tambaya ko suna da shi.

Akwai abu ɗaya da gida ya ke bayarwa wanda Bwari ba ta koyarwa, shi ne harshe. Manyan kotuna da Turanci su ke aiki, amma mai matsala da Hausa zai kawo ta, ko da Tarok, ko Bura, ko Bajju. Ba kuwa a jere zai kawo ta ba. Zai fara daga zamanin kakansa, ya bi ta rigimar da aka yi a wurin biki, sai can a tsakiya ya ambaci ranar da aka kafa dutsen iyaka. Aikin lauya ne ya saurara da haƙuri, ya tsamo abin da shari'a ke bukata, ya jera shi sakin layi bayan sakin layi. A kotu ma, Tsarin Mulki ya ba wanda a ke tuhuma tafinta kyauta in ba ya jin harshen da a ke magana, amma tafinta mutum ne, ya kan yi kuskure. Tsakanin "na karɓa" da "na ɗauka" akwai ɗauri. Lauya mai jin harshen shi ne zai miƙe nan take ya ce ba haka shaida ya faɗa ba. Haka kuma takardar da aka rubuta wa wanda bai iya karatu ba, doka tana so marubucin ya sa sunansa da inda ya ke, a kuma karanta wa mai ita a bayyana masa kafin ya dangwala yatsa. Iyayen da su ke fahariya cewa 'ya'yansu ba su jin komai sai Turanci, su sake tunani.

Ga mai yaro a sakandare wanda ya fara cewa shi lauya zai zama, kada a jira jami'a. A sa shi ya riƙa rubuta rahoton taron matasa, a karanta a gyara masa. Tsohuwa in tana so a rubuta mata wasiƙa, a kira shi, ya karanta mata abin da ya rubuta ta ce ko haka ta ke nufi. A bar shi ya shiga ƙungiyar muhawara ta makaranta, a kuma ba shi ɓangaren da bai yarda da shi ba ya kāre. Kotu kuwa a buɗe ta ke ga kowa, ba a biyan ko kwabo a ƙofa. A lokacin hutu uba ya ɗauki ɗansa ko 'yarsa su tafi kotun majistare mafi kusa wajen ƙarfe 9 na safe, da tufafi masu tsabta, a kashe waya, a miƙe in alƙali ya shigo, a zauna a kujerun baya har a tashi. Wani yaron zai fito yana ɗokin komawa gobe. Wani kuwa zai ce shi kam a nema masa wani aiki, gara kuwa a ji haka yanzu da a ji bayan shekara 6 da kuɗin makaranta.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba aikin safiyo, masu awon filaye, tun da ya ke rigimar iyaka ba ta ƙarewa sai da su.